Masai, sokawe ko bututun najasa: wanne ya dace da unguwar da ke cika da sauri?

Birni daga gefe yake faɗaɗa. Bana gona, baɗi filaye da aka yanka, bayan shekara biyar gidaje sun haɗe bango da bango, alhali bututun hukuma bai iso ba tukuna. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2018 ta nuna kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke zaune, ana sa ran za su kai kashi 68 zuwa 2050, kuma kusan kashi 90 na wannan ƙarin a Asiya da Afirka zai auku. Kwalta da wutar lantarki ana iya jiransu, bayan gida kuwa ba ya jira. Shi ya sa mai gina gida, da mai yanka rukunin gidaje, da ƙungiyar unguwa, kowa sai ya yanke shawara tun ranar aza harsashi a kan inda najasa za ta tafi.

Abin da ke rikita zaɓin shi ne, tsarin da ya yi daidai lokacin da gidaje goma ne a layi, shi ne ke gurɓata rijiyoyi in sun kai ɗari.

Abin da za a auna kafin a haƙa komai

Na farko cunkoso, kuma wanda za a samu nan da shekara goma ake nufi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin najasa da rijiya. A zana da'ira mai tazarar mita 30 kewaye da rijiya, faɗinta ya haura murabba'in mita 2,800. Idan kowane fili murabba'in mita 450 ne, da'irar ta cinye fiye da fili shida. Wato rijiya ɗaya tana buƙatar a hana gidaje shida haƙa rami, abin da ba zai yiwu ba a unguwar da kowa ke da rijiyar burtsatse da sokawe a tsakar gidansa. A Landan, a 1854, likita John Snow ya danganta ɓarkewar kwalara da famfon titin Broad, daga baya aka gano rijiyar ba ta kai tazarar mita ɗaya da wani tsohon ramin masai ba. Ƙwayoyin cuta dai tafasa ruwa na kashe su, amma sinadarin naitiret da ke tsiyaya daga najasa tafasawa ƙara masa ƙarfi take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin lita ɗaya, saboda cutar da yake yi wa jarirai.

Na biyu ƙasa da zurfin ruwan ƙarƙashinta. Gindin rami ya kamata ya tsaya mita 1.5 zuwa 2 sama da inda ruwa ke kaiwa a ƙarshen damina. Aunawa da rani ruɗi ne. Gwajin tsotsewa kuwa mai sauƙi ne: a haƙa rami mai faɗin santimita 30 a zurfin da ake son sokawe, a cika shi da ruwa ya kwana, washegari a sake cikawa a ga minti nawa ruwan ke ɗauka kafin ya sauka santimita 2.5. In ya wuce awa guda, ƙasar yumɓu ce, ba za ta shanye ba. In bai kai minti ɗaya ba, yashi ne ko tsagaggen dutse, ƙazanta za ta zarce ƙasa ba tare da ta tacu ba.

Na uku yawan ruwan da gida ke samu. Rami busasshe ba ya son ruwa, bututu kuma ba ya aiki sai da shi.

Na huɗu, wa zai kwashe, kuma ta ina? Motar zuƙe masai tana buƙatar tsayawa cikin kimanin mita 30 daga ramin, kuma ƙarfin zuƙarta ba ya wuce zurfin mita 2 zuwa 3. Lungun da mota ba ta shiga, ƙarshenta da bokiti da shebur za a kwashe shi.

Na biyar kuɗi, gida biyu: na gini da ake biya sau ɗaya, da na kula wanda ba ya ƙarewa.

Masai na rami

Shi ne mafi araha, kuma ba ya buƙatar ruwan famfo. Ingantaccen nau'insa, wanda Peter Morgan ya ƙirƙiro a Zimbabuwe a shekarun 1970, yana da bututun iska mai faɗin milimita 110 zuwa 150 da ke haura rufin ɗaki da kimanin rabin mita, an rufe bakinsa da raga. Iska tana shiga ta ramin tsuguno ta fice da wari ta bututu. Ƙuda kuma hasken bakin bututun suke bi, sai raga ta tare su su mutu. Don haka dole cikin ɗakin ya zama da ɗan duhu. Wanda ya buɗe babbar taga ko ya bar raga ta yage, ya kashe dabarar gaba ɗaya.

Lissafin girma: a ware lita 60 ga kowane mutum a shekara. Gida mai mutum 8 zai tara lita 2,400 cikin shekara 5. Rami mai faɗin baki mita 1.2 zai buƙaci zurfin mita 2.1, a ƙara rabin mita na sarari, ya zama 2.6. A ɗaure saman ramin da bulo da siminti don kada ya rufta, ƙasansa kuwa a jera bulo da tazara domin ruwa ya samu mafita.

Akwai nau'i mai rami biyu, wanda ƙungiyar Sulabh ta Bindeshwar Pathak ta yaɗa a Indiya daga 1970. Ana kora shi da lita 1 zuwa 2 na ruwa, ana amfani da rami ɗaya har ya cika, sai a juya zuwa na biyu. Bayan shekara biyu abin da ke cikin na farkon ya bushe ya koma kamar ƙasa, ana iya kwashe shi da shebur ba tare da babban haɗari ba. Wannan ya magance matsalar mota, sai dai ya ninka filin da ake buƙata.

Raunin masai na rami ɗaya ne, kuma babba: duk ruwan da ya shiga, ƙasa yake tafiya. A unguwar da ta cika, ko wadda ambaliya ke shiga, rami ya zama hanyar kai najasa rijiya.

Tankin siminti da sokawe

Mutane kan kira duka biyun sokawe, amma abubuwa biyu ne masu aiki daban, kuma rashin bambance su ne tushen yawancin matsala. Tanki akwati ne rufaffe wanda ba ya yoyo, aikinsa ya tsayar da ruwa har daskararriyar ƙazanta ta kwanta ƙasa, maiƙo ya taso sama, ƙwayoyin halitta marasa buƙatar iska su narkar da wani ɓangare. Sokawe kuwa rami ne mai ƙofofi inda ruwan da ya fito daga tanki ke tsotsewa. Bafaranshe Jean-Louis Mouras ne ya yi wa tankin rajista a 1881, kuma har yau tsarin bai sauya sosai ba.

Ga gidan nan mai mutum 8, idan kowa yana zubar da lita 80 a rana, lita 640 ke nan. A ba ruwa kwana biyu a tanki: lita 1,280. Laka kuma, wato ƙazantar da ke kwanciya a gindin tanki, lita 40 ga mutum a shekara, cikin shekara 3 ta zama lita 960. Jimilla lita 2,240. Tanki mai tsawon mita 2.1, faɗin 0.9, zurfin ruwa 1.2 ya ɗauke wannan, sai a bar santimita 30 tsakanin ruwa da murfi. A raba shi ɗaki biyu, na farko ya ci kashi biyu cikin uku na tsawon. A sa bututu mai siffar T a mashiga da mafita, mafitar ta yi ƙasa da mashiga da kimanin santimita 7.5. T ɗin mafita shi ke hana maiƙo bin ruwa, kuma shi ne kayan da falamba mai gaggawa ya fi tsallakewa.

Kurakuran da aka fi yi sanannu ne. Wasu magina kan bar gindin tanki babu kankare wai don kada ya taɓa cika. Wannan rami ne kawai da aka kashe wa kuɗin tanki. Wasu kan haɗa ruwan indararo da shi, sai ruwan sama ya tayar da laka ya tura ta cikin sokawe. Wasu su shafe saman da siminti ba murfin dubawa, ranar kwashewa sai fasa. Zuba kananzir, baƙin mai ko asid don kashe wari yana kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazantar, gyaran gangar Auzinawa ke nan. Mafi muni shi ne mai da mafitar tanki cikin kwata. Tanki yana cire kimanin rabin daskararriyar ƙazanta da kashi 30 zuwa 40 na mai ruɓewa, amma ƙwayoyin cuta kusan duk suna nan a ruwan da ya fito, komai tsabtar da ya nuna a ido.

Tankin da aka gina da kyau yana kai gomman shekaru. Sokawe ne ke fara mutuwa: idan aka bar laka ta haura rabin tanki, sai ta tsallaka ta toshe ƙofofin ƙasa, ruwa ya daina tsotsewa, mai gida ya koma kiran mota duk bayan wata biyu yana zaton tankin ne ya yi ƙanƙanta. Kwashewa duk shekara 2 zuwa 5 ta fi sabon sokawe araha nesa ba kusa ba. Inda akwai fili, shimfiɗa bututu mai huji cikin dogon rami marar zurfi da aka cika da tsakuwa ya fi sokawe mai zurfi, domin ƙasar sama tana da iska, ta fi tacewa, kuma ta fi nisa da ruwan ƙarƙashi.

Kada kowa ya shiga tanki, ko da an kwashe shi. Iskar da ke ciki mai warin ruɓaɓɓen ƙwai tana kashe jin wari idan ta yi yawa, mutum ya faɗi bai san ta kama shi ba, sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ya bi shi. Ga kuma iskar gas mai kama wuta, don haka ba a leƙawa da ashana.

Kwashewa ma ba ita ce ƙarshen magana ba, sai an san inda motar za ta juye. A nan fasahar zamani ta yi amfani fiye da ko'ina. A Dakar an kafa cibiyar kiran waya inda mai gida ke kira, masu motoci su yi gasar farashi ta saƙon tes, mai rahusa ya samu aikin. Garin Wai na Indiya tun 2018 yake kwashe tankunan gidaje bi da bi duk shekara uku, ana karɓar kuɗin tare da harajin gida. Na'urar bin sawu a jikin mota kuma tana nuna ko direba ya kai wurin tace najasa, wato matata, ko ya juye a rafi.

Ƙaramin bututun layi

Wannan shi ne zaɓin da ba a cika sani ba, kuma shi aka yi domin unguwa mai cunkoso. Injiniya José Carlos de Melo ya fara shi a Natal da ke Barazil a farkon shekarun 1980, daga baya babban birnin ƙasar, Brasília, ya ɗauke shi har a unguwannin masu hali. Dabarar ita ce a ɗauki jerin gidaje a matsayin gini ɗaya: bututu guda mai faɗin milimita 100 ya bi ta bayan gidaje ko gefen hanya inda mota ba ta takawa, a zurfin da bai wuce santimita 40 ba a farkonsa, ya tattara na kowa ya kai mahaɗa ɗaya. Gangarar milimita 5 a kowace mita ta isa, wato rabin mita a tsawon mita 100, kuma bututu ɗaya irin wannan yana iya ɗaukar gidaje kusan 200. Da yake haƙa ita ce ke cin mafi yawan kuɗin aikin bututu, rage zurfi da tsawo kan sauko da kuɗin zuwa rabin na babban bututu ko ƙasa da haka.

A unguwar Orangi da ke birnin Karachi na Pakistan, aikin da Akhtar Hameed Khan ya fara a 1980 ya raba nauyi biyu: mazauna kowane layi su haɗa kuɗi su gina banɗaki da bututun layinsu, hukuma ta ɗauki babban bututu da matata. Gidaje sama da dubu 100 suka haɗu ta wannan hanya. Amma ɓangaren hukuma ya yi ta jan ƙafa, najasar ta daɗe tana zuba cikin kwazazzabai. Bututu yana fitar da ƙazanta daga tsakar gida ne kawai, ba ya tace ta.

Abin da yake buƙata: ruwa kimanin lita 60 ga mutum a rana, matarar maiƙo a mafitar kowane kicin, da camba, wato ƙaramin akwatin dubawa, mai murfi a kowace mahaɗa da kwana. Abin da ke kashe shi: leda, tsumma, yashin wanke-wanke, ruwan sama, da maƙwabcin da ya gina ɗaki a kan bututu. Toshewa a gida ɗaya tana dawo da ruwa ga duk na samansa, saboda haka tun kafin a haƙa sai an rubuta yarjejeniya a kan wanda zai buɗe, da wanda zai biya.

Unguwar da kowa ya riga ya gina tanki tana da gajeriyar hanya. A bar tankunan suna tare daskararriyar ƙazanta, a rufe sokawe, a haɗa mafitar kowane tanki da bututu mai faɗin milimita 75 zuwa 100. Tunda ruwa ne zalla ke bi, ba ya buƙatar gangara sosai. Garuruwan Kudancin Ostireliya suna amfani da wannan tun shekarun 1960. Sai dai kwashe tanki yana nan daram.

Inda babu babban bututun da za a haɗa da shi, ana gina ƙaramar matatar unguwa: dogon tanki mai ɗakuna 3 zuwa 6 a jere, ruwa ya sauka ya hau ta cikin laka a kowane ɗaki. Ba ta buƙatar lantarki, tana iya cire har kashi 90 na ƙazanta mai ruɓewa, daga nan ruwan ya bi ta filin tsakuwa da aka dasa wa ciyayin fadama. Tana ɗaukar watanni kafin ta kankama, a zuba mata laka daga tsohon tanki don ta yi sauri. Indonesiya ta gina irinta da yawa a unguwannin talakawa. Ginin ba ya cika ba da matsala. Wadda ta lalace, galibi kuɗin kula na wata-wata ne aka daina tarawa.

Babban bututun gari

Ga mai gida babu wanda ya kai shi sauƙi: a kora ruwa, shi ke nan. Wajen ɗorewa ma haka, magudanun da Joseph Bazalgette ya gina wa Landan bayan warin kogin Thames na 1858 har yau suna aiki. Amma bututu ne na milimita 200 zuwa sama, a tsakiyar titi, a zurfin fiye da mita, yana buƙatar ruwan da ke gudu aƙalla mita 0.6 a daƙiƙa don ya wanke kansa. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai an sa injinan turawa, su kuma da wuta suke aiki dare da rana. Wannan aikin hukuma ne, ba ya cikin ikon mutum ɗaya ko ƙungiya, kuma a unguwar da aka gina ba tsari sai an rushe gidaje kafin ya wuce.

Masai na mazubi mai murfi

Kujera ce da mazubi a ƙarƙashinta, ana barbaɗa garin katako bayan kowane amfani, kamfani ya zo sau ɗaya ko fiye a mako ya musanya da wankakke. Ƙungiyar SOIL a Haiti, da kamfanonin Clean Team a Kumasi da Sanergy a Nairobi, sun gwada shi shekaru. Ba haƙa, ba ya taɓa ruwan ƙasa. Masu tsarki da ruwa suna buƙatar mafita daban, kuma ranar da kamfani ya daina zuwa, tsarin ya tsaya.

| Zaɓi | Kuɗin gini | Kuɗin kula | Ɗorewa | Ruwa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Masai na rami | Kaɗan | Kaɗan, sai ranar kwashewa | Har ya cika, kamar shekara 5 | Ba ya buƙata | Gurɓata rijiya, ruftawa |
| Tanki da sokawe | Matsakaici zuwa mai yawa | Mota duk shekara 2 zuwa 5 | Tanki gomman shekaru, sokawe ƙasa da haka | Matsakaici | Toshewar sokawe, juyewa a kwata |
| Bututun layi | Matsakaici, a raba tsakanin gidaje | Kuɗin wata kaɗan | Gomman shekaru | Lita 60 ga mutum | Toshewa, rashin matata |
| Babban bututu | Mafi tsada | Kuɗin hukuma | Mafi daɗewa | Famfo kullum | Ɗaukewar wuta, jinkirin isowa |
| Mazubi | Mafi ƙanƙanta | Biya kowane wata | Muddin kamfani na aiki | Ba ya buƙata | Dainawar kwashewa |

Wa ya dace da wanne

Gida a bakin gari, fili wadatacce, ruwan ƙasa mai zurfi, ba famfo: masai mai bututun iska, ko mai rami biyu idan mota ba za ta iya shigowa ba.

Gida mai ruwan famfo a unguwar da ba ta cika ba tukuna: tanki da sokawe, amma a gina tankin ta gaban gida kusa da titi, mafitarsa tana fuskantar hanya. Mota za ta same shi cikin sauƙi, kuma ranar da bututu ya iso, mita kaɗan za a haƙa a haɗa.

Mai yanka rukunin gidaje 50 zuwa sama: bututun layi da matatar unguwa, a ware mata fili a mafi gangaren wuri tun a taswira, kafin a sayar da shi. Tanki ɗaya ɗaya a kowane gida ya fi sauƙin sayarwa, amma rijiyoyin rukunin ne za su biya.

Tsohuwar unguwa mai cunkoso da tankuna a ko'ina, sokawe suna tumbatsa da damina: a bar tankuna, a haɗa mafitarsu da bututu. Idan gwajin ruwan rijiya ya nuna naitiret ya haura miligiram 50 cikin lita, a daina ba jarirai wannan ruwan tun kafin aikin ya fara.

Wurin da ambaliya ke shiga, ko kan dutse, ko 'yan haya da ba su da izinin gini: mazubi mai murfi, in akwai kamfanin da ke aiki a wurin. In babu, a ɗaga rufaffen tanki sama da ƙasa a riƙa kwashe shi da mota.

Tsakiyar birni mai benaye da ruwan famfo tabbatacce: babban bututu, kuma idan ya riga ya bi ta ƙofar gida, a biya kuɗin haɗawa, a kwashe tsohon tankin a cike shi da yashi.